Gwaji ya ce lafiya lau, manhaja ta ƙi tashi a saba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Samaru, ina haɗa wa wata Islamiyya a Tudun Wada manhajar karɓar kuɗin makaranta da Spring Boot (tsarin gina manhaja da yaren Java). Duk gwajin da na rubuta da JUnit (kayan gwada lambobin Java) ya yi kore, wato ya nuna komai lafiya, amma ina ɗora ta a saba (server, kwamfutar da za ta riƙa aiki a kai) sai ta ƙi tashi tana cewa "Could not resolve placeholder". Don Allah ina matsalar take, kuma ya ake gwada tashin manhaja ɗin kanshi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa karatu albarka. Toh gwajin naka bai yi ƙarya ba, abin da ka tambaye shi ne kawai ya amsa maka. A irin wannan gwajin kai ne kake ƙirƙirar ajin (class na Java) da hannunka, ka cusa masa abokan aiki na bogi da Mockito, Spring ko farkawa bai yi ba, alhali aikin shi kenan tun asali, shi ke karanta application.properties (fayil ɗin saitin manhaja) ya ƙirƙiri komai ya miƙa wa kowane aji abin da yake buƙata. Kamar bakanike ne ya duba fulogi daban, batir daban, amma bai taɓa murza makulli ba. Saƙon da ka gani na nufin akwai wani @Value (alamar da ke ɗauko saiti ta kai wa aji) da ke neman saiti bai same shi ko'ina ba, galibi yana nan a laftof ɗinka ba ka saka shi a saba ba.

Fara duba ko ka goge gwajin nan contextLoads() da Spring Initializr (shafin da ke haɗa maka sabon aikin Spring Boot) ke ba ka kyauta ƙarƙashin @SpringBootTest. Ɗalibai da yawa na goge shi wai babu komai a ciki kuma yana jan lokaci, wallahi abin na damuna, don shi ne ke tada manhajar gaba ɗaya ya faɗi in haɗin bai yi ba. Jinkirin ma ba kullum ba ne, Spring na ajiye abin da ya tada ya sake amfani da shi matuƙar saitin gwajin iri ɗaya ne. Sai dai kar ka saki jiki, in ka sa @ActiveProfiles("test") fayil ɗin gwaji zai karanta, zai iya yin kore saba kuma ta ƙi.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne nan. Tattara saitin biyan kuɗin a aji ɗaya mai @ConfigurationProperties, amma ka sani shi wannan in bai samu abu ba shiru yake yi ya bar shi null, manhaja ta tashi kamar lafiya, sai ranar da mahaifin yaro ya zo biya gaban malamai sannan ta tsaya cak, ka ga wannan ya fi abin da ya same ka muni nesa ba kusa ba. Don haka ka ƙara @Validated a kan ajin da @NotBlank a kan duk abin da ba a iya aiki sai da shi, ka saka spring-boot-starter-validation. Sannan ka ɗauko ApplicationContextRunner, ya zo ne da Spring Boot 2.0 a 2018, yana tada ɗan ɓangaren da ka zaɓa kawai ba tare da databes ba, cikin ƙiftawar ido ya gama. Gwaji biyu za ka rubuta: ɗaya ka ba shi saiti da withPropertyValues ka tabbatar abin da ka saka shi ya iso ajin, ɗayan ka hana shi makullin sirrin biyan kuɗin da gangan ka tabbatar da hasFailed() cewa ya ƙi tashi. Na biyun nan ya fi min muhimmanci.

Shi kuwa makullin sirri kar ya shiga Git (ma'ajiyar lambobin manhaja) ko da wasa. Ka saka shi a muhallin saba (environment variables), in sunan shi biya.makulli ne a fayil to can BIYA_MAKULLI za ka rubuta, kuma na muhallin ne ke rinjayar na fayil. Ka gwada, in ta sake ƙin tashi turo mana layin "Caused by" na can ƙasa mu duba tare.