In sayi keke ko in haƙura? Amsoshin wannan makon

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 tambayar keke bata yanke ba a saƙonnin da kuke turo min, toh yau na haɗa guda huɗu zan amsa a zama ɗaya, wanda bai ga tashi ba yayi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ƙaramin ma'aikaci ne ina zaune a Rigasa, nan Kaduna, ofis ɗinmu kuma yana wajen Independence Way. Kuɗin Napep ya gama cinye min albashi, na ɗan tara wani abu ina so in sayi keke. Sabo zan ɗauka irin mai sheƙin nan mai giya da yawa, ko na hannu ɗan Beljiyam? Sannan maiɗakina tace ita wallahi bata yarda ba, wai mota zata taka ni.

Ɗan'uwa ka gaishe min da uwargida, kuma kar ka ɗauke ta matsoraciya, rabin gaskiyar na hannunta. Kai keke kake tambaya, ni kuma hanya zan fara tambayarka, don hanya ake fara zaɓa kafin aje kasuwa. Daga Rigasa in zaka shiga gari sai ka tsallake titin Nnamdi Azikiwe, wajen Bakin Ruwa ko wata mahaɗar, kuma ka san abin da ke bin baifas ɗin nan, tirela ce da tanka dare da rana. Direban tirela baya ganinka in kana manne da gefensa na dama, ba mugunta bace, madubinsa ne baya kaiwa wurin, kuma in zai karya kwana dama sai ya fara buɗewa hagu, kai kuma kaga kamar fili aka bar maka ka kutsa, sai bodin ya dawo ya rufe ka. Don haka babbar mota a bayanta ake tsayawa, a mahaɗar baifas kuwa ka sauka ka tura kekenka da ƙafa ka tsallake, ba abin kunya bane. In ka haye sai ka bi layukan cikin Tudun Wada ko da zagaye ne, ƙarin minti 10 bai kai kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗarin titi duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato mu da babu ƙarfe a jikinmu. Abin da ke kisa gudu ne, hukumar tace mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka sau huɗu da rabi akan in tana gudun 50. Kaga titin da direbobi ke sake ƙafa shi ne abin gudu, ba mai cunkoso ba.

Amma fa ka faɗa wa uwargida ɗaya rabin. A 2017 masana a jami'ar Glasgow sun bibiyi ma'aikata sama da dubu 260 a Birtaniya, suka ga masu zuwa aiki da keke haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100 akan masu zuwa a zaune cikin mota, ciwon zuciya da ciwon daji ma sun ragu sosai a cikinsu. Wani lissafin da aka yi a Holan a 2010 ya nuna wanda ya ajiye mota ya hau keke a gajerun tafiye-tafiye, motsa jikin na ƙara masa wata 3 zuwa 14 a tsawon rai, haɗarin titi kuma na rage masa kwana 5 zuwa 9 kacal. Sai dai ni ba zan ruɗe ka ba, Holan hanyar keke daban ta mota daban, mu kuwa kwalta ɗaya muke rabawa da Napep da masu babur da 'yan kura da mai tallan lemo da ya baje faranti a bakin titi. Amfanin lafiyar duk inda kake zaka same shi, haɗarin ne namu yafi nasu. Manya zasu tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo da ya dage sai 'yan Najeriya sun koma keke, a 2001 bas ta ture shi cikin lambatu a Abuja yana kan kekensa. Minista kenan fa.

Ni kaina ba tirela ce ta kada ni ba, ƙofar mota ce. Ina dawowa daga kasuwa da yamma, ledar tumatir ɗaure a kariya, na manne da motocin da aka faka don in ba na baya hanya, kawai wani bawan Allah ya banko ƙofa bai duba ba, sai gani a kwalta tumatir na gangarawa ƙarƙashin Napep, mutane na ta sannu wasu na tsince min. Wata biyu bana iya ɗaga hannun dama in sa riga. Tun ranar nake barin tazarar kamar taku ɗaya babba tsakanina da duk motar da ke tsaye, mai hon yayi ta yi.

Toh batun saye. In kuɗin ɗaya ne ni ɗan Beljiyam mai lafiya zan ɗauka. Sababbin nan masu arha da sifirin a tsakiya da giya 21 kwalliya ce, nauyi garesu, sifirin ɗin shanye ƙarfin ƙafarka yake yi, kuma kafin damina ta fita giyar ta fara tsalle. Amma kar kaje kai kaɗai, ka ɗauki mai gyaran keken unguwarku ka bashi na shayi. A duba inda aka yi waldar ƙarfen ko akwai tsagewa, musamman wajen wuya, in da tsagewa ko kyauta ne ka bar shi. A ɗaga taya a juya a ga ko gargaren na rawa, a matse birki biyun, a girgiza feda a ji ko boris ya mutu. Ka zaɓi mai taya lamba 26 don tayarsa da cub ɗinsa kusan kowane mai faci na da su. Baƙin keken nan irin na iyayenmu, su Phoenix da Raleigh, ba a kai shi jure kaya ba, sai dai gargarensa na ƙarfe ne, in ruwan Agusta ya jiƙa shi zaka matse birki kaji yana ta tafiyarsa. Ka nemi rasit, kar wata rana a tare ka ace na sata ne. Kuma kar ka zuba kuɗin duka a keken, ka rage na fitila fara a gaba ja a baya, hular kwano, ƙararrawa, famfo da kwaɗo mai kauri. In ka saya kar ka fara da safiyar Litinin, ka gwada hanyar ranar Lahadi bayan asuba titi na fayau, ka ƙirga ramuka da kwalbatocin da ba murfi.

Tambaya: Shekarata 58, na yi ritaya ina zaune Malali. Ina da suga da hawan jini, likita yace in riƙa motsa jiki amma gwiwa bata barina tafiya mai nisa. Keken titi zan saya ko irin na ɗaki da ba ya zuwa ko'ina? Kuma gaskiya ne keke na rage wa namiji ƙarfi?

Baba Allah ya ƙara lafiya. Keke ya dace da ku sosai don sirdi ne ke ɗauke nauyin jiki, gwiwa bata shan dukan da take sha a gudu. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau 5 ya wadatar, ma'auninsa kuwa kuna haki kaɗan amma zaku iya amsa gaisuwa. Tsoka in tana aiki zuƙe suga take daga jini, shi yasa suga ke sauka, jini ma yakan ɗan sauka in aka ɗore. A nan kuma haɗarin yake, in allurar insulin kuke yi ko ƙwayar suga irin glibenclamide kuke sha suga na iya faɗuwa kuna tsakiyar titi, sai gumi da karkarwa da jiri. Kar ku fita da yunwa, ku sa dabino ko alawa a aljihu, ku gaya wa likitan kun fara ko zai taɓa maganin, amma kar ku daina sha da kanku. In kirji ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe a tsaya, a wuce asibiti.

In kun daɗe baku hau ba ko ido ya fara rauni, na ɗakin yafi min kwanciyar hankali. Aibinsa ɗaya, gidaje nawa na shiga na tarar an mai da shi wurin rataye babbar riga. In na titin ne, ku tsaya layukan cikin unguwa bayan sallar asuba, banda titin Ali Akilu da gadar Kawo, banda kuma tsakar ranar Maris da Afrilu. Ku ɗaga sirdi yadda in kun ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafar zata miƙe, sirdi gajere shi ke jawo ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke.

Ɗaya maganar kuwa, wani bincike a Amurka a 2018 ya gwada masu keke da masu gudu da masu ninƙaya bai ga masu keken sun gaza ba. Suga da hawan jinin da aka bari ba kulawa su suka fi taɓa wannan fannin. In wurin zama ya dinga sagewa a canja sirdi, a riƙa ɗan miƙewa akan feda.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 9 ya dame ni sai keke zai dinga zuwa Islamiyya da shi, muna Unguwar Rimi. Babansu yace a sayi babba yadda zai daɗe yana hawa. Hular kwanon dole ce?

Hajiya ki ba maigida haƙuri, keke ba kayan sallah bane da ake ɗinkawa da girma. Yaron ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, kuma yatsunsa su iya matse birki, in bai iya ba ba nashi bane. Yaro a wannan shekarun bai gama iya auna gudun mota ba, in makarantar a layinku take toh, in sai ya tsallake babban titi a raka shi.

Hula na rage raunin kai da kusan rabi, ki saya, amma sabuwa. Farar kumfar da ke ciki sau ɗaya take aiki, in ta sha bugu ta matse shikenan ko da wajen na sheƙi, shi yasa ta gwanjo caca ce. Ki leƙa ciki ki ga tambarin inganci na EN 1078 ko CPSC, ta zauna daidai saman gira da yatsa biyu, a ɗaure igiyar. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne jallabiya da wando mai faɗi da hijabi, kaca na cafke su. In kuma zai goyo ƙaninsa a kariya, diddigen ƙaramin na shiga wayoyin taya ya sale har ƙashi, ki hana shi goyo kawai.

Tambaya: Ina da asma, ƙurar hunturu da hayaƙin motoci ba zasu fi amfanin keken illa ba?

Ga mai lafiya amfanin ya rinjayi hayaƙin, amma ke 'yar'uwa ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango gaba sosai, ki ajiye keken. Sauran ranaku ki kauce wa bayan manyan motocin gas a goslo, takunkumin N95 na tare ƙura fiye da na yadi sai dai yana ɗan takura numfashi a hawa, abin shaƙarki kuma ya kasance a aljihun gaba, ba can ƙasan jaka ba.