Hukuncin zana mutane a allon labarin katun

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane. An ba mu aikin haɗa gajeren katun, kuma sai mun fara da allon labari, wato akwatuna a jere, kowanne da hoton abin da zai faru da inda kyamara za ta tsaya. Dole akwai mutane a ciki. Shin na shiga cikin masu surar da aka yi wa narkon azaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Tsoronki yana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa masu sura ne mafi tsananin azaba ranar alƙiyama. Ibnu Abbas kuma ya ce wa wani mai cin abinci da zane, in ya zama dole, ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Da irin waɗannan Imam Nawawi ya haramta surar mai rai, da inuwa ko babu, wato ko mai jiki ce kamar mutum-mutumi ko zane ce kawai.

Malikiyya, mazhabar da muka tashi a kanta, sun bambanta. A wurinsu, kamar yadda Shehu Dardir ya bayyana, haramun ita ce surar mai rai da ke da inuwa kuma gaɓoɓinta cikakku, kamar gunki. Zanen takarda makaruhi ne, bai kai haramun ba. Suna kafa hujja da hadisin Abu Ɗalha, inda aka togace zanen da ke jikin tufa.

Ga sauƙin da Allah ya yi miki: allon labari ba ya buƙatar fuska. Malaminki tsari yake nema, ya ga wa ya shigo, ina ya nufa, daga kusa aka ɗauka ko daga nesa, daƙiƙa nawa za a yi. Da'ira marar ido da baki, da 'yan layuka, da kibiya mai nuna motsi sun wadatar. Malamai da dama, har cikin masu tsanantawa, sun sassauta a kan zanen da ba a fitar da kamannin fuskarsa ba.

In an kai ga katun ɗin kansa aka buƙaci fuska, abin da na rinjayar shi ne halasci saboda buƙatar koyo, musamman in katun ɗin mai karantar da yara ne. Ni abin da labarin ya ƙunsa ya fi damuna. Kada ki zana annabi, ki nisanci surar sahabbai, kada ki fitar da tsiraici ko izgili ga addini, ko da za ki rasa maki. In kin gama, ki adana takardun a jaka, kada ki rataye su a bango.

Wallahu a'alam.