Hukuncin Shiga Tsohuwar Mashayar Giya Don Ganin Tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina karatu a birnin Nottingham na Ingila. Abokan karatuna sun gayyace ni wata mashaya mai suna Ye Olde Trip to Jerusalem, an rubuta 1189 a bangonta, kuma ɗakunanta na ciki a jikin dutse aka sassaƙa su. Ni lemo kawai zan sha, tarihin ne ya ja ni. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗaga ƙafa.

Son ganin tarihi ba laifi ba ne. Allah da kansa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, kamar yadda ya zo a Suratur Rum, aya ta 42. Don haka ka tsaya a waje ka kalli ginin, ka karanta rubutun bangonsa, ka ɗauki hoto, duk wannan halal ne. Tsufan gini ba ya haramta kallo. Amma kuma ba ya halatta abin da ake yi a ciki.

Wurin nan ba gidan tarihi ba ne da aka daina amfani da shi. Har yau mashaya ce mai ci: ga kanta, ga famfunan giya, ana tsiyayawa ana miƙawa. Kuma abokanka ba leƙawa za su yi su fito ba, zama za su yi a teburi ɗaya da kai, kofinka na lemo kusa da nasu. Wannan shi ne ainihin abin da hadisin Jabir ya hana, wanda Tirmizi ya ruwaito: duk wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira, kada ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. Lura da kyau, Annabi (SAW) bai ce kada ya sha ba, wannan an riga an gama da shi. Zaman ya hana. A Suratul Ma'ida aya ta 90 ma, umarnin da ya zo shi ne "ku nisance shi", kuma nisanta ta fi ƙin sha faɗi.

Malamai sun kawo cewa an gabatar wa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz wasu mashaya, aka ce a cikinsu akwai mai azumi, bai kurɓa ba. Bai ware shi daga horon ba, ya karanto aya ta 140 ta Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce wa masu zama a majalisar ɓarna: lalle ku a lokacin kamarsu kuke. To idan azumi bai zama uzuri ba, ina ga lemo?

Saura wanda ya ce zai shiga ya ga ɗakunan dutsen ya fito, ba zama. Wannan ya fi sauƙi, ban kuma ce zunubinsa ɗaya da mai zama ba. Duk da haka ba na ba ka shawararsa. Babu larura, kuma ɗan'uwanka Musulmi da ya hango ka kana fitowa daga ƙofar ba zai san lemo ka sha ko me ba. Abincin irin waɗannan wurare ma akwai tarko: sau da yawa ana kwaɓa fulawar suyar kifi da giya, ana kuma dafa nama da ita.

Game da tarihin kuwa, 1189 iƙirarin masu gidan ne. Masana na ganin ginin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 17 ne. Shekarar 1189 ita ce ta naɗin Sarki Richard na Ɗaya na Ingila, wanda ya fita yaƙin 'yan Salibi na uku bayan Salahuddin Ayyubi ya ƙwato Ƙudus a 1187. Labarin da ake bayarwa shi ne wai a nan mayaƙa suke yada zango kafin su nufi Ƙudus. Ka ga wannan tarihi ya shafe ka fiye da abokanka, kuma a littafi za ka same shi, ba a kan kantar mashaya ba.

Idan kogon kake so, Nottingham na da ɗaruruwansu a ƙarƙashinta. Ana kai baƙi yawon kogunan dutse daga fadar da ke bisa mashayar, akwai kuma wurin da ake kira City of Caves. Ka ce wa abokanka a fili, cikin ladabi, ba ka zama inda ake shan giya, amma za ka raka su can, daga baya ku haɗu a gidan shayi. Idan sun nace sai mashayar, ka yi musu sallama a bakin ƙofa.

Allah ne mafi sani.