Ina haddace manyan kalmomin Turanci amma ba sa zama, ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ina shirin WAEC da JAMB. Kullum nakan buɗe ƙamus in kwafi manyan kalmomi ashirin in haddace, amma kafin mako ya zagayo sun gudu. 'Yan waɗanda na tuna kuma, in na sa su a insha'i sai malaminmu ya ja musu jan layi, ya ce ba wurinsu ba ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya ba da sa'a. Ƙwaƙwalwarki lafiya lau take, hanyar ce ke buƙatar gyara, kuma gyaran ya fara tun daga wurin zaɓen kalmomin.

Ƙamus ba ya jera kalmomi bisa amfaninsu, bisa haruffa yake jera su. Wanda ke kwafa daga cikinsa sai ya ɓata ƙarfinsa kan kalmar da ba lallai ya sake cin karo da ita ba a shekara. Ki nemi jerin da ake kira Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar a 2000. Yana ɗauke da dangin kalmomi 570 da aka kasa rukuni 10, kuma su kaɗai sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na kalmomin rubutun ilimi. Kyauta ake samunsa a intanet. Ki fara da rukunin farko, mai dangi 60, inda za ki tarar da irin su analyse, assess, concept da significant. Dangi na ce, domin in kin ɗauki analyse sai ki haɗa da analysis, analyst da analytical, ki san wanne ne suna, wanne ne aikatau, wanne ne siffa.

Jan layin malaminku kuwa, a nan babbar matsalar take. Sanin ma'ana rabin sanin kalma ne. Kowace kalmar Turanci tana da waɗanda take tafiya da su, da waɗanda ba ta yarda ta zauna kusa da su ba. Ruwan sama mai ƙarfi heavy rain ne a wurin Bature, in kin rubuta strong rain kin yi kuskure ko da an gane nufinki. Commit yana tafiya da crime ko offence, decision kuma da make. Ga kuma launin da ke bayan ma'ana: famous da notorious duk shahara ce, sai dai ta biyun shahara ce a mugun abu. Ɗalibar da ta kira shugaban makarantarsu notorious da niyyar yabo ta zage shi ne. Shi ya sa ƙamus mai fassara kalma da kalma bai isa a wannan mataki ba. Ki riƙi Oxford Advanced Learner's Dictionary ko na Longman, waɗanda aka yi domin masu koyo, kuma ki fi mai da hankali kan jimlolin misali fiye da ma'anar kanta. Na manhajar waya yana furta kalmar, ki saurari gaɓar da ake dannawa, domin record na suna da record na aikatau a nan suka bambanta, kuma ana tambayar irin wannan a takardar furuci ta WAEC.

Mantuwa ba laifinki ba ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masani ɗan Jamus da ya yi bincike kan mantuwa, ya nuna cewa mafi yawan abin da aka haddace yana zubewa ne a kwanakin farko in ba a koma masa ba. Mahaddata Alƙur'ani sun san wannan: hadda ba ta zama sai da tilawa. Ki rage ashirin ɗin nan zuwa 8 a rana. Ki yanka kwali ƙanana, a gaba ki rubuta kalmar da jimlar da kika tsince ta a ciki, a baya ma'anarta da kalmomi biyu da take tafiya da su. Ki tanadi ambulan uku: na farko ki duba kullum, na biyu duk bayan kwana 3, na uku mako-mako. Katin da kika ci ya matsa gaba, wanda kika faɗi ya dawo na farko. Sharaɗin shi ne ki faɗi amsar da bakinki kafin ki juya katin. Maimaita karanta jeri da ido yana sa ki ji kamar kin iya, sai a ɗakin jarrabawa kalmar ta ƙi fitowa. Manhajar Anki tana yin wannan lissafi da kanta ga mai waya.

Saiwoyin Latin ma suna rage wahala: bene alheri ne, mal sharri, sai benevolent da malevolent su buɗe miki kansu. Amma a yi hattara, ba kowane in- ne ke kore ma'ana ba. Invaluable abu ne mai matuƙar daraja, inflammable kuma mai saurin kama wuta, kuma a irin waɗannan ne tambayoyin kishiyar ma'ana na JAMB ke kayar da mutane.

Kati ba zai maye gurbin karatu ba. Paul Nation, masanin koyon kalmomin Turanci, ya ƙiyasta a 2006 cewa sai da dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 mutum ke sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke cikin jarida ko littafin labari, kuma wannan adadi da yawan karatu ake tara shi. Ki ware minti 30 kullum ga sharhin editan jaridar Turanci ko littafin labari. In baƙin kalmomi sun wuce 15 a shafi mai kalma 300, littafin ya fi ƙarfinki a yanzu, ki sauko zuwa mai sauƙi. Duk ƙarshen mako ki rubuta sakin layi ɗaya da sababbin kalmomi biyar a ciki, ki kai wa malamin nan naku ya duba tun kafin ranar insha'i.