Dutsen Obuasi mai ƙyalli: zinariya ce ko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tara duwatsu tun ina makaranta. Wani yayana ya kawo mini ɗaya daga wajen Obuasi a ƙasar Gana, fari ne da ɗigo-ɗigon rawaya masu ƙyalli. Yaya zan gane ko zinariya ce? Sannan abokaina sun ce mu shiga wani tsohon rami mu nemo irinsa. Mai karatu daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Farin dutsen nan da alama kwaz ne, wato wani farin ma'adini mai tauri, kuma a Obuasi, inda kamfanin haƙar zinariya ya fara haƙa tun 1897, akan sami zinariya cikin jijiyoyin kwaz da suka ratsa duwatsu. Sai dai fairait, wani ma'adini rawaya mai ƙyalli da ke kama da zinariya, shi ma yana zama a wurin, shi ne ke yaudarar ido.

Ɗauki allura ka danna ɗigon. Zinariya taushi gare ta, taurinta 2.5 zuwa 3 a ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, za ta lotsa kamar darma. Fairait ya kai 6, ba ya lotsawa, sai dai ya farfashe. In ɗigon ya fito sosai, goga shi a bayan tayil, gefen da ba sheƙi: zinariya na barin layi rawaya, na fairait baƙi ne da ɗan kore. Sai nauyi. Auna dutsen a ƙaramin sikeli, ka sauke shi, ka ɗora kofin ruwa, ka mai da sikelin sifili, ka rataya dutsen da zare ya nutse kada ya taɓa gindin kofin. Raba nauyin farko da lambar da ta fito. Kwaz zalla 2.65 yake bayarwa, fairait wajen 5, zinariya tsantsa 19.3, don haka in sakamakon rabawar ya haura 2.65 sosai, akwai abu mai nauyi a ciki.

Ka kula da wani abu mai ruwan azurfa wanda ke warin tafarnuwa in an buga shi da guduma. Asenofairait ke nan, yana da yawa a Obuasi, kuma gubar asinik ce a cikinsa. Kada ka ƙona shi, kada ka daka shi, ka wanke hannu bayan ka taɓa.

Maganar rami kuwa, don Allah ka bar ta. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari. A tsohon rami, ruɓewar katako da tsatsar duwatsu suna cinye shi, ba wari ba alama, mutum sai dai ya ji jiri ya faɗi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Ga ruwa da ya ɓoye ramuka, ga rufin da ba abin da ke riƙe da shi. Kundin tsarin mulki na 1992 ma ya ce duk ma'adinin da ke ƙasa mallakar Jamhuriyar Gana ne, kuma dokar ma'adinai ta 2006 ta hana haƙa ba lasisi.

Dutsen da ke hannunka kuwa, rubuta wurin da aka samo shi da ranar a takarda, ka haɗa su a ƙaramar roba mai murfi, tare da ƙullin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Danshin Kumasi na sa fairait fitar da farin gari har ya rugurguje. Rubuta wurin da aka samo dutse ba wasa ba ne: ma'adinin nsutait da aka bayyana a 1962 sunan Nsuta ta kusa da Tarkwa yake ɗauke da shi, domin an san inda ya fito. In kana son tabbaci, kai dutsen sashen ilimin duwatsu na jami'ar KNUST da ke Kumasi a duba maka shi da madubin ƙara girma.