Amsa ga mai Nepenthes ɗin da ta daina yin tulu

Ɗan'uwa, da na karanta cewa ventrata ɗinka (irin Nepenthes ce, shukar da ke kama ƙwari da tulunan da ke rataye a zare a bakin ganyenta) tana fidda ganye shar amma 'yan tulunan suna bushewa tun suna ƙanana a bakin zarensu, wallahi sai da raina ya sosu. Abin da ya same ni ke nan da tawa Nepenthes ɗin, irin da ake kira Miranda.

Kafin komai, zare ta daga tukunya ka duba ƙasar. Ni wanda ya sayar mini ya rantse a gansakuka zalla take. Ashe gansakukar a sama kawai ya yayyafa, ƙarƙashi baƙar ƙasar fulawa ce mai takin zamani. Har cewa ya yi ruwan famfo ba ya mata komai, wai ai 'yar ruwa biyu ce, tana da juriya. Ranar da na juye tukunyar, saiwoyin sun ruɓe, ina taɓawa suna marmashewa a yatsuna, ga wari, gindin ya yi laushi har ciki. Na tura masa hoto, ya gani ya yi shiru. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda ya san gaskiya ya bar ni ina kallon shukar tana mutuwa. Har yau yana sayar wa mutane, Allah ya isa.

Amma taka tunda ganyen lafiya lau, na fi zargin ƙarancin haske. Ventrata tana haƙuri da busasshiyar iska fiye da yawancin 'yan'uwanta, sai dai a inuwa ba ta yin tulu. Matsar da ita inda hantsi ke samunta, a hankali, kada ganyen su ƙone. Sannan ka bar ta wuri guda, yawan sauya mata mazauni ma yana zubar da tulu.

Ruwan sama ko tatacce kawai, in kana da abin awon ma'adinan da ke narke cikin ruwa kada ya haura ppm 50. Kuma don Allah kada ka jiƙa ta a faranti kamar Sarracenia, wani jinsin shuke-shuke masu kama ƙwari, waɗancan 'yan fadamar Amurka ne, ga shi suna buƙatar barcin hunturu. Iyayen ventrata daga Filifin suke, damshi suke so ba kwanciyar ruwa ba.

Masu cusa wa tulu nama kuma, ku ji tsoron Allah, ruɓar da shi yake yi. Ƙwaro ɗaya ya wadatar.

Kada ka yanke zaren da bakinsa ke kore. Turo mana hoton saiwar in ka zare ta.