Yaran ajina ba sa riƙe aya, in ajiye aikin?

Tambaya: Baba, shekara 6 ina koyar da yara a makarantar Lahadi a nan Maraɗi. Ajinmu gindin bedi ne, tabarma biyu. Ayar da na koyar yau, mako mai zuwa ta bi iska. Wallahi na gaji.
Wata malama, unguwar Zariya

Amsa: 'Yata, sannu da aiki. Ni ma na yi wannan gajiyar. Amma duba gonakin jiharmu. A farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostireliya, ya sha dasa itatuwa a nan suna mutuwa, sai ya lura kututturan da manoma ke sarewa saiwarsu na da rai. Da aka riƙa gyara tohonsu, suka koma itatuwa. Haka ayoyin da kike koya wa yaran: ko ba ki ga toho ba, saiwar na nan da rai. Bulus ma cewa ya yi shi ya shuka, Afolos ya yi banruwa, Allah ne mai sa girma (1 Korintiyawa 3:6).

Sai dai, gaskiya, wataƙila ayoyinki sun yi tsawo. Ɗauki guda, gajeruwa, ki sa mata murya, su rera da tafi har Lahadi huɗu. Ki kuma roƙi fasto ya ba ki mataimakiya.